Injiniya da Akwatin Ɓarayin Zaune

Jama'a, kwana da kwanaki ke nan abinci ba ya wuce mini maƙogwaro. In na ɗora tukunya sai in manta ko na sa gishiri, in ƙara, in sake ƙarawa. Jiya da hannuna na juye ganyen shayi a bahon wanki. Ni karatuna bai yi nisa ba, in kun ga rubutun nan ya karkace ku yi haƙuri, ku dubi maganar kawai. Shawara nake nema, amma bari in faro muku daga tushe.

Babbar 'yata ta gama karatun jinya. Wani asibiti ya ce yana neman ma'aikata, ta cika takardu, aka ce duk wadda aka zaɓa za a aiko mata da saƙon imel ta zo a gana da ita. Tun daga ranar gidanmu ba shi da wani zance sai wannan saƙo. Yarinyar nan ta sha wuyar karatu, mu ma mun sha tare da ita, kuma irin wannan dama ba kullum take ƙwanƙwasa ƙofa ba.

A falonmu akwai kwamfuta a kan tebur, tsakanin firiji da taga. A cikinta akwai manhajar karɓar saƙo mai akwati uku. Ɗaya na shagon baban yara ne, shi kayan famfo yake sayarwa, bututu da kan famfo da makamantansu. Ɗaya na 'yata. Na ukun nawa ne, wanda yayata take turo mini hotunan jikokinta ta cikinsa. Shekara da shekaru kowa ya san nasa, babu wanda ya taɓa taka ƙafar wani.

Sai ƙanena ya zo.

Uwa ɗaya uba ɗaya muke da shi, ba zan ɓoye ba. Ana ce masa Injiniya. Ba wata makaranta ce ta ba shi sunan ba. Ya taɓa zama a shagon gyaran waya yana miƙa wa mai shagon sukudireba, har aka gaji aka ce ya huta. Ya ce mana kwana biyu zai yi, ga shi yanzu katifarsa ta yi rami a falo. Aikinsa na farko a gidanmu shi ne wayar 'yata, wadda take ɗan ƙara idan ana magana. Ya buɗe ta, ya rufe. Gaskiya ta daina ƙarar. Ta daina kawo haske ma. Ƙananan kusoshi suka rage a kan tebur, ya share su da gefen hannu ya ce na ado ne. Shi ya sa yarinyar ta koma riƙe tsohuwar wayata mai maɓallai, saƙonta kuma sai a kwamfutar falo.

Ranar da abin ya fara, tana zaune tana duba akwatinta, shi yana tsaye a bayanta da kofin shayi.

"Innalillahi! Yaya! Yaya, zo ki gani!"

Na fito a guje da ludayi a hannu, na ɗauka wuta ce ta kama.

"Wannan ne akwatinku?" ya ce. "Wannan ai juji ne. Tallan sabulu a kan hoton jarirai, mai bututu a kan mai neman aiki. Yanzu in asibitin nan suka aiko, a ina za ku gani?"

"A sama, Kawu," in ji 'yata. "Sabon saƙo a sama yake zuwa."

"Kin ji ko, Yaya? A sama. 'Yata, ke allura kika karanta, ki bar mana ƙarfe."

Ita dariya ta yi ta tashi. Ni kuwa maganar ta zauna mini a ƙirji. A ina za mu gani? In ya shige ƙarƙashin tallan sabulu fa? Da baban yara ya dawo daga shago na tare shi tun bai cire takalmi ba.

"Wa zai shirya?" ya ce. "Wanda ya gyara wayar?"

"Ai wannan ba gyara ba ne. Shiri ne kawai, kamar jera kwanuka."

"To. Allah ya sa kwanukan ba na tangaran ba ne."

Washegari Injiniya ya sa tabarau, wanda na san gilashinsa da na taga duk ɗaya ne, ya naɗe hannun riga, ya ce kowa ya matsa.

"Da farko zan haɗe akwatunan nan uku su zama ɗaya. Sannan in raba su gida-gida."

"Kawu, in za ka sake raba su, me ya sa za ka haɗe su?"

"Sai an niƙa ake tankaɗe, yarinya."

Ya wuni yana ƙwas-ƙwas. Na kai masa abinci har inda yake, don ya ce ƙwaƙwalwa ba ta son a katse ta. Da la'asar ya kira mu mu ga aiki. A gefen hagu na allon, inda a da sunaye uku ne rak, yanzu wani dogon tsani ne har ƙasa. Akwai Muhimmi. Akwai Muhimmi Ƙwarai. Akwai Muhimmi Amma Ba Yau Ba. Akwai Kamar Muhimmi. Sai Na Kusa, sai Na Nesa, sai Na Nesa Masu Ganin Kansu Na Kusa. Can ƙasa akwai wani wai shi Sai Na Yi Tunani, kuma shi ya fi kowanne cika. Kowane akwati in ka taɓa shi sai ya haifi wasu, su ma su haifi nasu.

"Wannan kuma naki ne," ya ce wa 'yata, ya nuna wani mai suna Aikin 'Yata. "Babu abin da zai shiga nan sai saƙon asibiti. Dubi yadda yake tas."

Tas yake kuwa. Ni har daɗi na ji.

Da safe baban yara ya zauna neman saƙon wani ɗan kwangila da ya turo masa jerin kayan da yake so. Ya buɗe Muhimmi, babu. Ya buɗe Muhimmi Ƙwarai, sai hoton jikan yayata yana cin ayaba.

"Injiniya! Ina saƙon ɗan kwangila?"

Ƙanena ya ɗago daga katifa yana miƙa. "Wane iri ne shi? Mai fara'a ne ko mai ɗaure fuska?"

"Me ya haɗa fuskarsa da bututu?"

"Tsarin ke nan, Yallaɓai. Kowa da halinsa, kowa da akwatinsa."

Suka yi ta tono, waya na ta ƙara a aljihun baban yara, ɗan kwangila ne. Daga ƙarshe aka same shi a cikin Na Nesa, cikin Masu Ruwa, cikin Ruwan Sanyi, cikin Masu Gaggawar Banza.

"Ka gani?" in ji Injiniya. "Bai ɓata ba. A da wa zai iya gaya maka takamaiman inda yake?"

"A da a sama yake," in ji baban yara, ya ɗauki mukullinsa ya fita.

Nawa rabon bai daɗe ba ya iso. Na zauna zan rubuta wa yayata, ina ta neman adireshinta da yatsa ɗaya. Injiniya ya ce an daina wannan wahala, in rubuta Na Kusa kawai a wurin suna, kwamfuta ta san sauran. Na rubuta. Na gaya mata gwiwata ta tashi har ba na iya durƙuso. Na gaya mata munsharin baban yara ya ƙaru, yanzu kamar injin niƙa da aka zuba wa tsakuwa, har nakan ɗauki filo in koma ɗakin yara. Maganar 'yan'uwa mata dai, kun san ta.

Da yamma baban yara ya shigo bai yi sallama da ƙarfi ba. Ya ajiye kwalbar man zafi a gabana.

"Mai gyaran famfon otal ya ce a ba ki, ki riƙa shafawa a gwiwa."

Na kalle shi.

"Shi kuma mai kawo mini bututu ya ce in riƙa kwanciya ta gefe. Wani ya ce in rage cin abu mai maiƙo. Har wanda bai taɓa yi mini dariya ba, yau ya shigo shago yana kwaikwayon injin niƙa."

Ashe Injiniya ya haɗa yayata da manyan abokan cinikin shago a rukuni ɗaya. Na nemi ƙasa ta tsage in shige, ta ƙi.

"To ai na kusa ne," in ji shi. "Wa ya fi kusa da gidan nan, wadda ke turo hoto ko masu sayen kaya? Kuma dubi, ga magani kin samu. A da wa ya san da gwiwarki?"

A cikin wannan hali surukar yayata ta haihu, aka roƙi 'yata ta je ta taya su kula da mai jego. Da za ta tafi ta riƙe hannuna ta ce, "Mama, don Allah kullum ki duba mini." Na ce ta kwantar da hankalinta, ai akwatinta daban yake, ko makaho zai gani.

Bayan tafiyarta wani saƙo ya shigo, wai baban yara ya ci mota sabuwa fil, ya turo bayanan bankinsa. Ko ni na san ƙarya ce. Amma Injiniya ya tashi kamar an taka masa wutsiya.

"A gidan da nake? Yaya, yau zan ɗauki maigadi."

"Da wane abincin za mu ciyar da shi?"

"Ba ya ci, ba ya barci. A cikin kwamfuta zai zauna."

Ga yadda ya tsara. Duk wanda sunansa ba ya cikin sanannunmu, in ya rubuto, saƙonsa zai zarce wani akwati mai suna Ɓarayin Zaune. Ya binne akwatin can ƙarƙashin tsanin, ya ce kada in kuskura in buɗe, akwai cuta a ciki mai kama kwamfuta. Kuma a take maigadin zai mayar wa mutumin da amsa. Ya karanta mini amsar yana kaɗa kai don daɗi:

"Kai ɓarawon zaune, mun gane ka. Gidan nan akwai Injiniya. Ka je ka nemi sana'a, ka daina cin haram. In ka sake rubutowa, wannan amsar ce dai za ka samu."

"Kuma don ta fi zafi," ya ce, "da sunan wanda aka rubuto wa za ta riƙa fita."

Na ce, "Asibitin fa? Ai ba mu san su ba."

Ya yi mini irin kallon da ake wa yaron da ya tambayi ko wata yana cizo. Ya juya allon. "Karanta nan."

A cikin jerin sanannu ya rubuta ASIBITI da manyan baƙaƙe. Har ja ya yi masa.

"Ba sai an sa adireshinsu ba?"

"Kin san shi?"

"A'a."

"To kin gani. Kwamfuta ba jaka ba ce, Yaya. In ta ga asibiti ai ta san asibiti."

Ni da ban wuce inda na wuce ba a makaranta, me zan ce? Na ƙyale shi. Kullum da safe 'yata ta kira: "Mama, sun aiko?" In sa tabarauna, in duba Aikin 'Yata, in ce, "Tukuna dai, 'yar nan. Komai da lokacinsa." Akwatin yana nan tas, kamar kwanon da kyanwa ta lashe.

Ɓarawon farko da maigadi ya kama, da ƙafarsa ya hawo bene yana haki. Mai gidan hayarmu ne, dattijo mai sanda. Ashe ya aika wa duk 'yan haya saƙon imel cewa za a wanke tankin ruwa, kowa ya tara na sha. Ya tsaya a ƙofa yana karkaɗa waya.

"Ina mijinki? Ni ne ɓarawon zaune? Ni zan je in nemi sana'a? A gidana?"

Na durƙusa da gwiwar nan mai ciwo ina ba da haƙuri. Injiniya ya fito yana sakace.

"Baba, barka da zuwa. Ka yi rajista?"

"Rajistar me?"

"To ka ga inda matsalar take. Maigadi bai san ka ba."

"Wane maigadi? Ni na ɗauki maigadi a gidan nan?"

"Namu ne na ciki. In da ka zo da wuri ka gabatar da kanka, da duk haka ba ta faru ba. Amma ba komai, mun yafe."

Sandar ta tashi sama. Na shiga tsakani, na rantse, na roƙa, na kawo ruwa mai sanyi. Dattijon ya sauka yana cewa shi tun da ya fara ba da haya bai taɓa ganin ɗan hayan da ya yafe masa ba.

Kuna tsammani ƙanena zai kori maigadin? Ina! Cewa ya yi wannan hujja ce aiki yana ci. Abin da ya rage kawai a yi wa maƙwabta rajista. Ya bi ƙofa-ƙofa yana karɓar adireshi. Tela, matar da bango ɗaya ya raba mu, ta tsayar da kekenta ta ce, "Ni me zan rubuto muku? In na yi tari kuna ji."

"Wata rana za ki so ki yi tarin a rubuce," in ji shi.

Direban tasi na ƙasa ya bayar da nasa ba gardama, don an yi masa alkawarin za a shirya masa nasa akwatin shi ma. Daga nan fa kan Injiniya ya kumbura. Ya ce baiwa irin wannan zunubi ne a ɓoye ta a falo ɗaya. Zai buɗe kamfanin shirya akwatu, kuma zai fara da nuna wa mutanen gidan nan aikinsa ido da ido.

A ranar ma 'yata ta kira, muryarta ƙasa-ƙasa. Ta ce ƙawayenta biyu da suka nema tare an kira su tuni. Na ce wataƙila bi da bi ake yi. Na kashe waya na zauna a bakin gado.

La'asar ɗin taron, falonmu ya cika. An aro kujeru, an jawo waya daga kwamfuta zuwa talabijin don kowa ya gani da girma. Tela ta zo da ɗinkinta a hannu, direba ya zo, har mai gidan haya ya zo, ya ce yana so ya ga fuskar maigadin da ya zage shi. Baban yara ya zauna kusa da soket, ya harɗe hannu.

"Jama'a," in ji Injiniya, "abin da za ku gani yau, a manyan ofisoshi ma ba kowa ya iya ba. Mutum ba ya ɓata a hannuna. Kowa na san inda na ajiye shi."

Ya nufi Muhimmi da linzamin kwamfuta, hannunsa ya goce, ya taɓa 'yar kibiyar da ke gefen Maƙwabta. Akwatin ya buɗe, 'ya'yansa suka zubo a allon talabijin, kowane harafi kamar ɗan yatsa.

Tela ta ajiye allura. Ita kuwa ta iya karatu da ƙarfi.

"Masu Leƙen Taga," ta karanta. "Tela. Ni? Ni ce mai leƙen taga?"

"Suna ne kawai na aiki, Hajiya..."

"In ban leƙa ba wa zai ga lokacin da kake shanya ɗan kamfanka a igiyata?"

Direba yana ta ƙyaƙyata dariya har da buga cinya, sai Tela ta ce, "Dakata, ga naka. Masu Aro Ba Mayarwa."

Dariyar ta tsaya. "Kai, Injiniya! Me na ara?"

"Tsanina," in ji mai gidan haya.

"Guga," in ji Tela.

"Ban tambaye ku ba!"

"Tsofaffi Masu Neman Faɗa," Tela ta ci gaba, ta kalli dattijon ta gefen ido. Shi kuwa sai ya gyara riƙon sanda.

Injiniya ya yi ta danne-danne don ya rufe, sai ya buɗe Iyali. Ni ina cikin Masu Damuwar Banza. Wannan ban yi musu ba. A ƙarƙashina kuma, an rubuta Surukai Marasa Godiya, da sunan baban yara shi kaɗai a ciki.

"Marasa godiya," in ji baban yara a hankali. "Gaskiya ne. Shinkafata kake ci, ban taɓa ce maka na gode ba."

Falo ya kaure. Tela na nuna shi da almakashi, direba na rantsuwa zai dawo da tsani gobe don kada a sake ganin sunansa a talabijin. Zufa ta jiƙa wa ƙanena riga. Sai ya ɗaga hannu biyu.

"Jama'a! Jama'a! Ku bar ƙananan maganganu. Ku zo ku ga ɓarayin da na kama muku."

Ya gangara can ƙasan tsani, ya buɗe Ɓarayin Zaune, cutar da ya ce tana ciki ko atishawa ba ta sa kowa ba. Daidai nan 'yata ta yi sallama, jakarta a kafaɗa, dawowarta ke nan. Ta tsaya a ƙofa don babu wurin wucewa.

"Ga mai motar ƙarya," in ji Injiniya. "Ga wani mai tallan magani. Ga Baba, wannan kuskurensa ne, mun riga mun daidaita."

"Wancan kuma kamfanin da nake sayen kan famfo ne," in ji baban yara. "Shi ya sa suka daina ɗaukar wayata."

"Kawu," in ji 'yata daga ƙofa. "Tsaya. Koma sama."

Ban taɓa jin muryarta haka ba. Ta ajiye jaka, ta ratsa mutane, ta karɓi linzamin daga hannunsa.

Asibitin ne. Saƙo biyu. Na farko yana taya ta murna, an zaɓe ta, ta zo ganawa rana kaza. Ranar ta riga ta wuce. Na biyu yana cewa sun sami wata amsa daga gare ta da ba su fahimta ba, don Allah ta tabbatar ko tana son aikin. A gefen kowanne akwai 'yar alamar da ke nuna an amsa. Tela, Allah ya shirye ta, ta karanta amsar da ƙarfi tun daga "Kai ɓarawon zaune" har zuwa sunan 'yata a ƙasa.

"To ai laifinsu ne," in ji Injiniya. "Dubi sunan da suka rubuto da shi, wai Sashen Ɗaukar Ma'aikata. Ni ASIBITI na rubuta. Mutum ya zo gidan mutane da sunan da ba a san shi da shi ba, ya ce maigadi..."

Kwamfuta ta yi ƙara, ɗin! Sabon saƙo ya faɗo a kan idon kowa. Su ne dai. 'Yata ta buɗe. Shugabar ma'aikatan jinya ce da kanta. Ta ce ganawa ta wuce, amma tun da take aiki ba ta taɓa ganin mai takardu masu kyau haka da baki irin wannan ba. In akwai bayani, ta zo ofishinta mako mai zuwa, ta taho da wannan Injiniya da ake ta ambata.

"Alhamdu lillahi!" na ce. "A kashe maigadin! A kashe shi!"

"Yanzu kuwa," in ji ƙanena, ya fizgi linzami. "Yana cikin Dokoki. A'a, yana cikin Muhimmi Amma Ba Yau Ba. Ku dakata, na san inda na ajiye shi."

Baban yara ya miƙa hannu ya fizge waya daga soket. Amma kafin allon ya mutu, duk mun ji wannan 'yar ƙarar, fiuu, ta saƙon da ya tashi. Shugabar ma'aikatan jinya ita ma an gaya mata ta je ta nemi sana'a.

Mai gidan haya ne ya fara miƙewa, ya dafa kafaɗar 'yata ya ce, "Yi haƙuri, jikata. Ni ma ɓarawon zaune ne, kin ga ban mutu ba." Direba ya tsaya a ƙofa ya ce wa Injiniya shi ya fasa, a bar masa akwatinsa da dattinsa. Tela ta kwashi ɗinkinta ta ce za ta koma bakin taga, can ta fi ganin abin arziki.

Da kanta 'yata ta kunna kwamfutar daga baya, ta kori maigadin, ta rubuta doguwar takardar ban haƙuri. Amsa ta zo layi ɗaya: "Ku zo dai, ke da shi." Tun daga nan ba ta ƙara yi wa kawunta magana ba. Ni ma da ƙyar take amsa mini gaisuwa, kuma ban ga laifinta ba.

To ga inda nake, jama'a. Jibi da safe ne za a je ofishin matar. Baban yara ya ce a bar Injiniya a gida, a tafi da direba a matsayinsa, ya sunkuyar da kai ya ce ya tuba, shi ke nan. Direba ya yarda da gudu, har ya ce in ana so zai ƙara da cewa yana da taɓin hankali. 'Yata ta ce ita ba za ta fara aikin kula da rayukan mutane da ƙarya ba, ko a tafi da na gaskiyar ko ta haƙura. In ta je ita kaɗai kuma, matar ta ce su biyu take son gani, za ta ɗauka babu wani Injiniya, yarinyar ce ta yi zagin da hannunta.

Na zaunar da na gaskiyar, na roƙe shi don darajar iyayenmu, in an je kalma biyu kawai zai faɗa: na yi kuskure.

"Uku ne wannan, Yaya," ya ce. "Kuma ke ba ki fahimci abin da ke faruwa ba. Mace mai matsayi irin wannan, me zai sa ta nace sai ta gan ni? Ta ga aiki ne. Asibiti guda, kin san yawan akwatunan da ke ciki?"

Yanzu haka da nake rubutun nan yana tsakar falo yana goge babbar rigarsa, ya naɗe kwamfutar a bargo wai da ita za a tafi. Ya ce kada mu damu da maganar yarinya, in ya karɓi aikin zai sa baki a ɗauke ta. Amma fa sai in ofishin da za su ba shi yana da taga.

Don Allah ku gaya mini, ku da kuka yi karatu: in kai shi ya buɗe baki, ko in kulle shi a banɗaki a ce 'yata maƙaryaciya ce?